Bindigar Tana Wurin Gyara

Litinin, bayan la'asar

Ya sake sayen injin huda bango.

Na dawo daga makaranta da littattafan 'yan aji huɗu a hammata, na tarar da kwali a kan teburin falo, maigidana Injiniya yana tsaye a kansa yana murmushi kamar yaron da aka ɗinka wa sabbin kaya. Ya ce in ajiye kayan hannuna in zo in gani. Ja ne, mai batir biyu, da 'yar fitila a bakinsa. Ya danna maɓalli injin ya yi ƙara, ya ce in saurari wannan murya, wai duk shekarun da ya yi yana aikin lantarki a masaƙa bai taɓa riƙe irinsa ba.

Na ce ma sha Allah, Allah ya sa a mora.

Irinsa sak yana ɗakin aikinsa, a kan kanta, bayan gwangwanin ƙusoshi. Ni na ɗauke shi hoto da wancan, ko mako biyu ba a yi ba.

Ya miƙo mini waya ya ce in ɗauke shi zai tura wa mutanensa. Suna da zaure a waya, shi da abokansa, sun sa masa suna "Me Ka Sayo?" Yawancinsu 'yan fansho ne irinsa, sai makanikai, da wani tela da ko ƙusa bai iya bugawa ba amma ya fi kowa sharhi. Duk wanda ya sayi sifana ko jak ko bindigar iska ko wata tsohuwar mota sai ya ɗora hoto, sauran su yi ta yabo da ba'a. Ranar Asabar kuma su taru a bayan garejin Dogo suna harbin gwangwanaye. Na daɗe ina kiransu 'yan firamare masu furfura. Shi ma dariya yake yi in na faɗa.

Na ɗauke shi. Ya ce bai fito ba, in sake. Na sake.

Talata, da safe kafin in fita

Maharbi, wanda ya fi su sanin bindiga, ya rubuta a ƙarƙashin hoton cewa ba wannan ne ka nuna mana kwanaki ba, ko shago za ka buɗe? Sauran suka bi da dariya. Injiniya ya karanta mini yana shan shayi, ya ce hassada ce kawai, Maharbi bai san bambancin injin huda da injin niƙa ba. Amma ya ajiye kofin bai ƙarasa ba.

Da ya shiga wanka na ɗauke tsohon daga kan kanta na tura shi ƙarƙashin gadon 'yarmu Auta. Tun da ta yi aure ba mai shiga ɗakin. Ban san wa nake ɓoye wa ba, shi ko ni.

Alhamis, ƙarfe huɗu

Gajiya ce. Kowa yana mantuwa. Ni ma yau na kira yaro da sunan yayansa.

Juma'a, da magariba

Wuta ta ja ni a kicin.

Soket ɗin bayan firji ya daɗe yana rawa, jiya ya ce zai gyara. Yau murfin tukunya ya faɗa can baya, na miƙa hannu in ɗauko, sai na ji kamar an maka mini sanda daga yatsa har kafaɗa. Na zauna a ƙasa na ɗan jima. Da na haska da waya sai na ga murfin soket ɗin a ajiye, waya tsirara, sukuddirebansa a gefe. Ya fara aikin ya tashi ya bar shi.

Mutumin da 'ya'yanmu suka taso suna haddace karatunsa kamar na allo. A kashe babban layi tukuna, a gwada da tasta, a sake gwadawa. Ya taɓa daina gaisawa da maƙwabcinmu saboda ya bar waya a buɗe inda yara suke wasa.

Na kashe wutar gidan gaba ɗaya, na naɗe wayar da salatif yadda na sha ganin yana yi. Ya dawo daga masallaci ya tarar da duhu, ya hau faɗa da masu ba da wuta. Na bar shi ya yi ta yi. Yatsana ya tashi. Na ce masa tukunya ce.

Litinin, da yamma

Na nemi izini wajen shugabar makaranta. Shi kuma na ce masa hawan jini za a duba, ya yarda saboda ya saba.

Likitar yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar Auta ba. Ya yi ta tsokanarta, wai fitilar ofishinta tana ƙiftawa, in ta ba shi tsani zai gyara mata kyauta. Ta yi dariya. Ta faɗa masa sunayen wasu abubuwa ta ce ya riƙe, za ta tambaye shi an jima. Sannan ta ba shi takarda da biro ta ce ya zana mata agogo.

Wannan da yake zana wayarin ɗin gida sukutum a bayan ambulan, yana hira, ko hannunsa ba ya dubawa.

Ba zan rubuta abin da ya zana ba. Kalandar bango na yi ta kallo har suka gama.

An ɗebi jini, an ce za a ɗauki hoton kai, sai mu dawo. A hanya ya ce yarinyar tana da kirki amma ba ta san aikinta ba, ko abin awon jini ba ta ɗaura masa ba. Ta ɗaura.

Laraba, a ɗakin malamai, lokacin hutu

Auta ta kira. Cikinta ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura, an hana ta doguwar tafiya, an hana ta tashin hankali. Ta tambayi babanta. Na ce ƙalau yake, yana nan yana tara mana ƙarafa a gida. Ta ce in ce masa jikan nan ba zai gaji sifana ba, fili yake so. Mun yi dariya.

Yayanta yana can wata ƙasa. In na faɗa masa, umarni zai yi ta ba ni ta waya kamar ni ce ma'aikaciyarsa.

Malamar aji biyu ta ce na rame. Na ce jarrabawa ce ta gabato.

Juma'a, bayan isha'i

Yau rana ce mai kyau, bari in rubuta ta don kada in manta an yi ta.

Bindigar iskar da ya yi watanni yana jira ta iso. Doguwa, gindinta na katako mai sheƙi, da madubin hange a sama. Ya shimfiɗa tsohon tawul a kan teburi ya warware ta gunduwa-gunduwa, ya goge, ya shafa mai, ya mayar, ko sukurun guda bai saura ba. Hannunsa bai yi ko gezau ba. Ya zaunar da ni ya ba ni darasi, wai ko da babu komai a cikinta ba a nuna mutum da ita, bakinta ƙasa ko sama, yatsa nesa da kunama sai an tashi harbi. Na ce to malam, za a yi jarrabawa ne? Ya ce ai ke faɗuwa za ki yi.

Zauren nasu ya kacame. Tela ya ce gwangwanayen garin nan su rubuta wasiyya. Injiniya ya yi ta karanta mini yana dariya har da tari.

Wataƙila ni ce nake ƙara wa abin gishiri.

Asabar, bayan magariba

Dogo ya zo. Shi ne makaniken da suke taruwa a garejinsa, abokin Injiniya tun suna samari, shi ya yi masa babban aboki a bikinmu. Bai taɓa zuwa gidan nan ya ƙi shigowa ba sai yau. Ya jira har Injiniya ya tafi masallaci, sannan ya yi sallama ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa.

Ya ce, "Malama, yau Injiniya ya ɗana bindiga, ya juyo yana ba mu labari. Bakinta a ƙirjin tela, yatsansa a kan kunama."

Ya ce ba abin da ya faru. Maharbi ne ya matso a hankali ya ce a ba shi ya ga madubin, ya karɓe ta. Bayan ɗan lokaci Injiniya ya ga bindigar a hannun Maharbi, ya yaba ta, ya tambaye shi a ina ya saya.

Dogo ya tambaye ni tun yaushe. Na ce ban gane abin da yake nufi ba. Bai tafi ba. Sai kawai na ga na miƙa masa yatsana yana kallo.

Ya ce sun faɗa wa Injiniya wani ƙarfe ya saki a cikin bindigar, dole ta kwana a gareji. Ya ce za ta daɗe tana kwana.

Lahadi, da hantsi

Ya tambayi bindigar. Na ce tana wurin gyara.

Litinin, da safe

Tana wurin gyara.

Talata, bayan la'asar

Yaya ta zo, yayarsa. Ban san wa ya kai mata ba. Ta zauna a falo ta ƙi cire mayafi, ta ce baki ne. Wai mutum ya sayi abu sai ya ɗora wa duniya ta gani, dole ido ya kama shi, kuma ni da nake matarsa ni ce mai ɗaukar hoton. Ta kawo ƙulli-ƙulli, na sha da na shafawa da na turare. Na karɓa na yi godiya.

Da za ta tafi ta tsaya a tsakar gida tana kallonsa ta taga yana jera sifanoni daga ƙarami zuwa babba. Ta ce haka babansu ya fara. Ta faɗa a hankali, ba ni take faɗa wa ba. Sannan ta ce ita ba ta ce komai ba, baki ne.

Laraba, da azahar

An ɗauki hoton kai. Ya fito yana yabon injin, yana tambayar ma'aikacin wutar da yake ci.

Alhamis, da yamma

Na dawo na tarar da mota a ƙofar gida.

Tsohuwa ce, shuɗiya, irin mai faɗin goshin nan. Tun bara yake bin mai ita, na ɗauka maganar ta mutu. Ashe yau aka kawo. Ya ce kada in cire takalmi, in shiga. Na shiga. Gilashin gefena ba ya sauka, kujerar tana warin tsohuwar fata da fetur. Ya zaga da ni unguwa, ya bi ta bayan kasuwa, ya tsaya inda ya kamata ya tsaya, ya ba mai keke hanya. Yana tuƙi yana buga sitiyari da yatsu yana 'yar waƙa. Ya ce tun muna gidan haya ya yi mini alkawarin irinta, yau ya cika. Gaskiya ne, ya yi. Ni ce na manta.

Na ɗauke shi hoto ya jingina da ita. Zauren ya yi ta barka. Dogo kaɗai bai rubuta komai ba. Can ya kira ni ya ce wa ya bar shi ya saya. Na ce wa zai hana shi.

Asabar, da la'asar

Ya tafi gareji a sabuwar motarsa ya dawo lafiya. Ya tambayi bindigar a can, ya dawo ya tambaye ni.

Litinin, bayan isha'i

In ban rubuta ba ba zan iya zama ba.

Da safe ya ce kada in hau tasi, zai zo ya ɗauke ni in an tashi, malamai su ga motar mijina. Aka tashi. Yara suka watse, malamai suka watse. Maigadi ya kawo mini kujera bakin get. Na kira wayarsa ta yi ta ringi, ashe tana gida a kan firji. Na yi la'asar a ofishin shugaba na dawo na zauna. Duk motar da ta karyo kwana sai in miƙe.

Daga ƙarshe na kira Dogo. Bai tambaye ni komai ba, ya ce in tafi gida in zauna ko zai dawo. Na ji daga baya cewa mutanen zauren duk sun bazu, mai mota da mai babur, har tela ya rufe shago. Asibitoci, tashoshin mota, gidan Yaya, tsohuwar unguwarmu.

Maharbi ne ya same shi gab da faɗuwar rana. A ƙofar masaƙa. Masaƙar da aka rufe tun Auta tana sakandare, ciyawa ta cinye harabar. Ya faka daidai inda yake ajiye babur ɗinsa a da, yana zaune yana duba agogo, ransa a ɓace, wai masu gadi sun ƙi buɗewa kuma zai makara aikin yamma.

Maharbi ya ce masa yau hutu ne, ba a faɗa maka ba? Injiniya ya ce shi ya sa. Ya tayar da mota, Maharbi ya biyo shi a baya har gida.

Ya ci abinci sosai. Ya ce gishiri bai ji ba.

Talata, lokacin hutu

Dogo ya sa ni a wani sabon zaure a waya. Duk mutanen wancan ne, ban da mutum ɗaya. Sun raba kwanaki a tsakaninsu, kowace safiya in na tafi makaranta wani zai biyo ta gidan kamar hanya ce ta kawo shi, ya nemi aron filaya ko shawara a kan janareto, ya zauna har in dawo.

Na rubuta na gode, Allah ya saka. Na goge. Na sake rubutawa na tura.

Shekara da shekaru ina yi wa mutanen nan dariya. Yau ga ni a cikinsu, muna maganar mijina a bayan idonsa.

Laraba, a harabar asibiti

An faɗa mini.

Laraba, da yamma

Na tambayi likitar ko akwai magani. Ta ce akwai abin da zai rage masa gudu. Ta ce ban da tuƙi, ban da aikin wuta. Ta so ta kira shi ta yi masa bayani, na roƙe ta ta bari tukuna. Ta ce hakkinsa ne ya sani. Na ce na sani.

Yana waje a kan benci yana nuna wa wani mutum hoton motar.

Alhamis, da magariba

Dogo ya zo lokacin da ya san Injiniya ba ya nan. Ya kwanta a ƙarƙashin sitiyarin motar, ya yi abin da zai yi, ya tashi ya kaɗe riga. Ya ce ba za ta ƙara tashi ba. Na kawo masa ruwa ya ƙi sha.

Asabar, da azahar

Tun jiya kan Injiniya yana cikin bonet. Ya cire batir ya yi caji, ya wanke fulogi, ya busa bututun mai. Ko garejin bai je ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yana jin daɗi. Yana fito. Ya ce tsohuwar mota kamar tsohuwar mata ce, sai da lallashi. Na ce Allah ya shirye ka.

Ina kai masa shayi ina dawowa. Ina kallonsa ta tagar kicin yana neman abin da na san inda yake.

Litinin, bayan la'asar

Ya gano.

Ina shigowa layinmu na ji ƙarar injin. Tela ne mai zaman yau, na gan shi tsaye a bakin get ya rasa inda zai sa kansa, yana ganina ya ce shi zai wuce. Injiniya ya kashe motar ya ce in same shi a ɗakin aiki.

Ya zauna a kan kujerarsa ta ƙarfe. Ya ajiye wani guntun baƙin salatif a kan teburi tsakaninmu. Idonsa tar, irin na da, irin wanda yara suke gudu.

Ya ce, "Waya ba ta yanke kanta ta naɗe kanta. Wannan naɗin Dogo ne. Ni na koya masa."

Na dubi salatif ɗin.

Ya ce, "Bindigar ma lafiyarta ƙalau ko?"

Na gyaɗa kai.

Ya daɗe yana kallon bangon da ya rataye kayan aikinsa. Sannan ya tambaye ni abin da likitar ta ce. Na faɗa masa. Yau ne kalmar ta fara fita daga bakina, kuma a gabansa ta fita. Bai yi musu ba. Ya ce irin na Baba. Na ce eh. Ya ce dama yana jin kamar ana ɗauke wuta a wasu ɗakunan, in ta dawo sai ya tarar an motsa kaya.

Ya tambaya ko ya ji wa wani ciwo. Na ce a'a. Hannuna yana cikin mayafi.

Ya zaro makullin motar daga aljihu ya kama hannuna ya sa mini a tafi, ya rufe da nasa. Ya ce, "Ki ɓoye inda ba zan gani ba. Ko na roƙe ki, ko na yi faɗa, kada ki ba ni."

Na yi kuka, shi ya yi ta ba ni haƙuri. Mun zauna a ɗakin har aka kira magariba. Na ji sauƙi, Allah ya sani na ji sauƙi. Na ce yanzu mu biyu ne a ciki.

Talata, da safe

Ya ce na sace masa makulli.

Talata, da yamma

Ya zazzage durowa, ya ɗaga katifa, ya juye jakata a tsakar falo, littattafan yara suka watse. Ya ce tun da ya sayi motar nake baƙin ciki. Ya ce ni da Dogo mun haɗa baki, ya faɗi wata magana a kan ni da Dogo wadda ba zan rubuta ba. Shekarunmu tare bai taɓa ɗaga mini murya a gaban baƙo ba, yau Maharbi yana tsaye a tsakar gida yana ji.

Na ce masa jiya kai ka ba ni. Ya dube ni kamar na zage shi.

Makullin yana cikin tulun shinkafa. Ban ba shi ba.

Laraba, da hantsi

Ban je makaranta ba. Ya kira Auta da kansa ya kai ƙarata, wai uwarta ta zama ɓarauniya. Ta kira ni ta ce Mama me yake faruwa a gidan nan.

Na shiga ɗakinta na rufe ƙofa, na zauna a bakin gadonta na faɗa mata duka. Ta ce gobe za ta taho. Na ce ba inda za ki da wannan cikin. Ta ce to me za ta yi. Na ce babu. Ta ce ke fa, me za ki yi. Na ce babu.

Muka ci gaba da riƙe waya. Ina jin numfashinta.

Juma'a, bayan la'asar

Ya huce. Ya manta da makullin, ko ya manta ya yi faɗa, ban sani ba. Da safe ya bare mini lemo.

Amma yana ta duba waya yana tsaki. Ya ce zauren ya mutu, kwana da kwanaki ba wanda ya ɗora komai, ko duk sun talauce ne. Na duba na ga gaskiyarsa. Tun ranar masaƙa ba wanda ya sa hoto. Kunya suke ji.

Na shiga ɗaya zauren na rubuta musu cewa don Allah su ci gaba da sayen shirmensu. Ba a jima ba tela ya ɗora hoton wata filaya mai jan hannu. Injiniya ya kwashe da dariya ya rubuta masa cewa wannan ta cire haƙori ce. Maharbi ya ɗora jak. Wani ya ɗora tayoyi. Ya yi ta ba su amsa ɗaya bayan ɗaya har shayinsa ya huce.

Asabar, da yamma

Ya tashi garau. Tun a wurin karin kumallo na gane, daga yadda yake kallona. Ya ce ya yi mini wani abu a makon nan ko. Na ce ba komai. Ya ce ƙarya kike yi, amma na gode. Sannan ya ce in shirya in raka shi gareji, yana so ya yi magana da mutanensa tun yana iyawa.

Ban taɓa shiga bayan garejin ba. Fili ne ƙarami, ƙasa ta yi baƙi da mai, gawar motoci a gefe, benci biyu a ƙarƙashin rumfar kwano, gwangwanaye a jere a kan katanga duk sun sha huda. Da suka gan ni suka miƙe suna gyara riguna. Ba bindiga ko ɗaya a fili, na san sun ɓoye da suka hango mu.

Bai zauna ba. Ya ce ya san abin da yake damunsa, kuma ya san sun sani. Ya ce bindigar, Maharbi ya riƙe ta, kada a bar ta ta yi tsatsa. Motar kuma, Dogo ya zo ya ɗauke ta daga ƙofar gida, amma ya riƙa kawo ta yana zaga da shi, kuma a gaba zai zauna. Ya ce wa Dogo naɗinsa ya yi kyau, sai dai ya yi gaggawa. Wasu suka yi 'yar dariya.

Sannan ya ce, "Kada ku cire ni daga zauren, ko na daina gane ku. Duk ranar da na zagi ɗayanku, ba ni ba ne. Ita kuma kada ku bar ta ita kaɗai."

Tela ya ce in sha Allah. Dogo ya tashi ya zaga bayan wata motar da ba ta da ƙafa, ya daɗe. Da ya dawo ya zauna kusa da Injiniya, aka kawo shayi, aka koma gardamar wane man inji ya fi. Injiniya ya fi kowa baki. Na zauna a gefen benci ina kallonsu har rana ta yi sanyi.

Mun hau tasi. Yana kallon titi, hannunsa a kan gwiwata. Mun kusa gida ya juyo ya ce, "Me ya sami Dogo ne? Na ga idonsa ya yi ja."

Na ce hayaƙin gareji ne.

Ya girgiza kai ya ce a'a, shi ya san Dogo, akwai abin da yake ɓoyewa. Ya ce mutum ne mai zurfin ciki, ko ciwo yake yi ba zai faɗa ba. Ya ce gobe mu sayi lemo mu je mu duba shi.

Lahadi, da azahar

Mun je mun duba shi.